Jiya na je ganuwar Sigetbar

Jiya Asabar muka shiga jirgin ƙasa daga Pec zuwa Sigetbar, wani ɗan gari a kudancin Hangari, kuma wallahi har yanzu abin bai bar raina ba. Ganuwar ba ta da wani girma, jan bulo ne, na ɗora hannu a jiki na ji sanyinsa, ciyawa ta fito ta tsakanin bulon, amma a nan ne a 1566 kwamandan ganuwar, Nikola Zirinski, da mutanensa 'yan Kuroshiya da Hangari, kusan 2,300, suka tare rundunar Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ta Turkawa wata guda cur, fadama ce ta kewaye wurin a lokacin sai da Turkawa suka janye ruwan suka cike ta kafin su iso bango.

Sulaiman tsoho ne, shekara 71, a cikin tantinsa ya rasu kafin ganuwar ta faɗi, wazirinsa Sokollu Mehmed Pasha ya ɓoye rasuwar don kada sojoji su watse. Shi kuwa Zirinski da wuta ta ci wurin sai ya buɗe ƙofa ya fito da sauran mutanensa, a nan aka kashe shi.

Abin da ya fi taɓa ni masallacin da Turkawa suka gina a ciki, yana nan, hasumiyarsa a gutsure. Na tsaya gaban mihrabin na daɗe, ina ta tunanin talakawan ƙauyukan bakin iyakar Turkawa da Hangari na wancan lokacin da kowane ɓangare ke ƙona musu gonaki. Abokin tafiyata sai da ya ja ni, don jirgin komawa ya kusa tashi.