Ƙannena masu neman bizar aikin asibiti a Birtaniya, ku binciki mai ɗaukarku tukuna

Ƙannena nas-nas da ungozoma da masu ɗaukar hoton asibiti da kuke ta tambayata maganar fita Birtaniya aiki, kusan duk tambayarku iri ɗaya ce, ya ake samun biza, nawa ake kashewa, wata nawa take yi kafin ta fito. Da wuya inji wanda yace min waye zai ɗauke ni aikin kuma wane irin mutum ne, alhali wallahi anan gizo ke saƙar. Nima lokacin da nake nema ban tambaya ba kuma naji a jikina, shi yasa nake so ku ɗan bani hankalinku.

Bizar ma'aikatan lafiya ɗin nan da suka fito da ita a watan Agustan 2020 ba taka bace kai kaɗai, a ɗaure take da sunan wanda ya ɗauke ka aiki. Shi sai yana da lasisin ɗaukar baƙi daga ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, sannan ya fitar maka da CoS, wato shaidar ya ɗauki nauyinka, wanda ba ma takarda bace da zaka riƙe a hannu, lamba ce a kwamfuta mai ɗauke da sunanka da irin aikin da albashin da awannin da zaka rinƙa yi, da ita zaka nemi biza cikin wata 3 ko ta mutu. Bizar tana da daɗi ba ƙarya, kuɗin nemanta yafi na sauran bizar aiki sauƙi kuma baka biyan kuɗin lafiyar nan na fam 1,035 duk shekara da sauran baƙi ke biya. Amma duk ranar da aikin ya yanke, ko korarka akayi ko kai ka ajiye ko gwamnati ta ƙwace lasisin mai ɗaukarka, za a datse bizar a baka kwana 60 ka samo wani da zai baka sabon CoS ko ka tattara ka bar ƙasar. Kwana 60 fa, ga haya ga yara a makaranta.

Ni ta hannun ejan na bi, kuma na bashi kuɗi masu nauyi waɗanda har yau in na tuna raina yake ɓaci. Cewa yayi na "sarrafa takardu" ne, ni kuma ina ganin ai kowa haka yake yi. Sai da na shigo na gane dokar ƙasar nan tun 1973 ta hana kamfanin samar da aiki ya karɓi kuɗi a hannun mai neman aiki don ya samo masa aiki, mai ɗauka ne yake biyansu. Kuma daga 31 ga Disambar 2024 an fito ƙarara an haramta wa mai ɗaukar aiki ya ɗora maka kuɗin lasisinsa ko kuɗin CoS. Toh duk wanda yace maka kawo kaza in siyar maka da CoS ko dai na bogi ne, ko kuma na gaske ne amma babu aikin a ƙasa, na biyun ma yafi muni don sai ka sauka ka tarar ba awanni ba albashi.

Akwai wani abu kuma da ba a faɗa min ba. Najeriya da Nijar da Gana duk suna cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 cewa suna da ƙarancin ma'aikatan lafiya, Birtaniya ta saka su a jan layi, wato ba a yarda asibiti ko ejan ya je yana farautar ma'aikata a can ba. Amma kai da kanka an yarda ka shiga shafin ayyukan NHS, wato hukumar asibitocin gwamnatin Birtaniya, ka cike ka nema kai tsaye. Kaga kenan ejan ɗin da ya biyo ka har gida da talla tun daga nan ya taka ƙa'ida, ta yaya zai riƙe maka amana a gaba.

Kwantiragin da aka turo min kuwa shafin albashi kawai na duba na sa hannu, murna ta rufe min ido. Ashe can ciki akwai inda aka rubuta in na bar aiki kafin shekarun da suka yanka zan biya su kuɗin jirgi da na horo da na masauki da wasu abubuwa da ban ma san an kashe min su ba, kuma kuɗin baya raguwa, ko jiya ka zo ko ka kusa cika wa'adin ɗaya ne. Irin wannan sharaɗi ba haramun bane a dokarsu, har asibitocin gwamnati suna sa shi, amma ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya daga waje tace dole a bayyana shi tun farko, ya zama daidai da abin da aka kashe da gaske, kuma ya rinƙa raguwa da tafiyar lokaci. Dan Allah ku nemi a rubuto muku lissafin ɗaya bayan ɗaya kafin ku sa hannu, ku ba wani wanda ya daɗe a ƙasar ya karanta muku. Mai gaskiya baya jin haushin wannan tambayar.

Maganar jarabawa ba zan daɗe a kai ba don kun fini sani yanzu. NMC, hukumar da ke yi wa nas da ungozoma rajista, tana son 7 a jarabawar Turanci ta IELTS a karatu da saurare da magana, 6.5 a rubutu, ko B a ɗaya jarabawar Turancin ta OET da C+ a rubutu, sai CBT wato jarabawar kwamfuta, sai OSCE wato jarabawar gwada aiki a aikace da ake yi bayan an shigo. Likitoci hukumar rajistarsu GMC ce, jarabawarsu PLAB, masu hoto da masu gashin ƙashi kuma hukumarsu HCPC. Ku dai zauna da kanku ku rubuta, a 2023 an gano maguɗi a wata cibiyar CBT a Ibadan aka soke sakamakon duk waɗanda suka yi a wurin, har waɗanda basu ji ba basu gani ba sai da suka sake. Inda ni na yi sakaci shine OSCE. Dole ka fara zama cikin sati 12 daga ranar fara aikin da ke kan CoS ɗinka, kuma ka samu rajista cikin wata 8 ko mai ɗaukarka ya daina ɗaukar nauyinka a matsayin nas. Ban tambayi waye zai horar da ni ba. Gidan kula da tsofaffi ne mai zaman kansa ya ɗauke ni, ina sauka aka jefa ni aikin dare, ba malami ba ɗakin gwaji, da bidiyo a waya nake karatu bayan na tashi daga aiki a gajiye, na faɗi zaman farko kuma duk tsawon lokacin albashin mataimaki nake karɓa. Ƙawayena da suka shiga asibitin NHS aji aka zaunar da su ana biyansu suna koyo.

Amma abin da yafi ci min rai shirun da nayi. Na ga awannin da ake biyana basu kai na kan CoS ba, na ga ana cire kuɗin haya da na mota daga albashi ba bayani, na ga an kawo mutane fiye da aikin da ake da shi, wasu sati guda ba a kira su ba. Nayi gum don tsoro, kullum tunanina in nayi magana za a kore ni bizata ta tafi. Manaja ma ya san da wannan tsoron, da an ɗan yi gardama sai yace ki tuna fa mu muka kawo ki. Ban shiga ƙungiyar ma'aikata ba wai ina tattalin kuɗin wata, ban ajiye takardun albashi da kyau ba, duk maganar da mukayi da baki ce ba rubutu. Shirun bai cece ni ba, ƙarshe gwamnati ta ƙwace lasisinsu dukkanmu muka shiga kwanakin nan 60 tare. Kuma ba mu kaɗai bane, gwamnati da kanta tace tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke lasisi sama da 470 a ɓangaren kula da tsofaffi da marasa ƙarfi kaɗai. Ni Allah ya taimake ni na riga na samu rajista, nas mai rajista ana nemanta, na samu asibiti kafin lokaci ya cika. Abokan aikina da suka zo a matsayin masu kula kawai wasunsu sun sha wuyar da ba zan iya faɗa ba.

Da zan dawo baya, ranar da na sauka zan shiga ƙungiyar ma'aikata irin RCN ko UNISON, don galibi basa tsaya maka kan matsalar da ta faru kafin ka zama mamba. Zan ajiye kowace takardar albashi da jadawalin aiki, duk abin da aka faɗa min da baki in tura imel ince kamar yadda muka yi magana ɗazu. Fasfo ɗinka kuma ba wanda yake da ikon riƙe maka, ko da sunan ajiya. Kuma kana da damar canza wurin aiki, abin da ake buƙata sabon CoS da sabunta biza, kar dai ka fara sabon aikin sai amsa ta fito. Ƙarin aiki a wani wuri shima akwai iyaka, awa 20 a sati, na san waɗanda son kuɗi yasa suka wuce suka jefa kansu a matsala.

Ku kuma da har yanzu ake ce muku ku kawo kuɗi a shigo da ku aikin kula da tsofaffi, wannan ƙofar an rufe ta. Tun 11 ga Maris 2024 aka hana masu kula zuwa da iyali, sannan daga 22 ga Yulin 2025 aka daina ɗaukar sababbi daga waje gaba ɗaya. Na nas da likita da sauran masu rajista tana nan, su har yanzu suna zuwa da mata ko miji da yara. Dokokin suna canzawa kusan duk shekara, ko maganar zama na dindindin bayan shekara 5 ma gwamnati ta fito a 2025 da shirin tsawaita ta, saboda haka shafin gov.uk za ku rinƙa dubawa da idonku, kar ku tsaya a abin da wani ya faɗa a WhatsApp bara.

A shafin gov.uk ɗin nan akwai jerin duk masu lasisin ɗaukar baƙi, kyauta ne, ka rubuta sunan wurin ka gani ko yana ciki. In a Ingila yake ka shiga shafin CQC, hukumar da ke sa ido kan asibitoci da gidajen kula, ka karanta rahoton masu duba su na ƙarshe, zaka ga ko suna da ƙarancin ma'aikata ko shugabancin ya lalace. Ranar intabiyu kuma in sunce kana da tambaya kar kace babu kamar yadda nayi, ka tambaya waye zai biya OSCE da sake ta in an faɗi, sati nawa ne horo, nawa za a cire na masauki, sannan ka roƙi su haɗa ka da wata nas baƙuwa da tayi shekara a wurin kuyi magana ku biyu ba tare da manaja ba.