Yadda na canza kulocin Golf 3 ɗina a gida da ɗan abin da ke aljihuna

Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 duk mai ƙaramar mota ya san yadda lissafi ya koma, kuɗin da a da kake ajewa saboda gyara shi ne yanzu yake ƙarewa a tanki, to ana cikin wannan hali kulocin Golf 3 ɗina ya fara zamewa. Alamar ba ta ɓuya, kana giya huɗu ka taka totur injin ya ɗau ƙara amma motar ba ta ƙara gudu ba, in ka ɗauko iyali ka zo hawan gada sai wani ƙauri ya shigo har cikin mota. Na ja hambirki na sa giya huɗu na saki kuloci a hankali, in lafiyayye ne take injin zai mutu, nawa kuwa ya ci gaba da aiki abinsa.

Da na tambayi kuɗin aiki a gareji na haɗa da na kaya sai na ga ɗaya kawai zan iya biya. Kuma ba na ganin laifin bakanike ko kaɗan, sauke giyabos aikin ƙarfi ne kuma shi ma da shi yake ci da gidansa. Ni dai ina da 'yan sifanu, ina da fili a cikin gida, ga ƙanina da ba ya gudun aiki, shi ne na ce bismillah.

Amma kafin ka sayi komai dan Allah ka fara duba kebur. Yawancin Golf 3 da ke yawo a nan kebur ne ke jan kulocinsu, irin mai saita kansa ɗin nan, in ya tsufa yana maƙalewa ya riƙe hannun kulocin a ɗan jaye, mota ta riƙa zamewa alhali farantin da sauransa. Zare shi daga jikin giyabos ka ga ko yana tafiya yana dawowa sumul. Nawa lafiyarsa ƙalau, kaga kenan ba makawa sai an buɗe.

Abin da ya fi sa ni zama in rubuta wannan shi ne kulocin motar nan a juye yake, ina nufin mai injin 1.8 da 2.0 masu bawul takwas da ke ɗauke da giyabos ɗin da ake kira 020. A yawancin motoci fulawil ne ke ɗaure a jikin karanshaf, faranti ya biyo, sannan murfin da ke matse shi, wanda bakanikai ke cewa dis, ya zo daga waje. A wannan kuwa murfin matsin ne ake ɗaurewa a karanshaf da noti shida, faranti ya hau kansa, sannan fulawil ya zo ya kife su da ƙananan noti tara. Shi kuma boris ɗin da ke sakin kuloci ba ya ma kusa da wurin, yana can ƙarshen giyabos ta wajen tayar hagu a bayan wani koren murfi, wani siririn ƙarfe dogo ne yake ratsa tsakiyar shaf ɗin giyabos tun daga can ya zo ya tura kulocin. Amfanin sanin wannan a aljihunka shi ne in boris ne kawai ke kuka ba sai an sauke giyabos ba, tayar hagu za a cire a ɓalle koren murfin a canza shi, sai dai murfin yakan lalace wajen cirewa don haka ka tanadi sabo.

Shi wannan siririn ƙarfen akwai wata 'yar oyil sil da ke zagaye da shi a bakin shaf, ƙanƙanuwa ce ba ta kai hular kwalbar lemo ba, da wani ɗan bushin a bayanta. In ta mutu man giya zai biyo ƙarfen ya riƙa ɗiga a tsakiyar kuloci daidai inda ba a son ko ɗigo. Wallahi da na buɗe tawa abin da na tarar kenan, farantin ya ci tabbas amma kuma ya jiƙe sharkaf da mai ya yi baƙi yana ƙyalli, warin man giya har cikin hanci. Da a ce sabon faranti kawai na sa na mayar, da ba a jima ba shi ma ya jiƙe, kuɗi sun tafi, wahala ta dawo sabuwa. Shi ya sa nake ta nanatawa, in za ka rage kashe kuɗi ka rage a kuɗin aiki tunda ƙarfinka ne, amma 'yan ƙananan robobin nan kar ka yi musu rowa. Wannan sil ɗin, da ta bakin shaf ɗin giyabos, da babbar ta bayan karanshaf mai tare baƙin mai, dukkansu ba ka isa gare su sai giyabos yana ƙasa, kuma kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na faranti ba.

Sai da na sauke komai tukunna na tafi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano da tsohon farantin a leda, kuma kai ma haka ya kamata ka yi, don haƙoran tsakiyar farantin ba iri ɗaya ba ne, akwai mai 24 akwai mai 28, faɗinsa ma akwai bambanci duk da dai mai milimita 210 ya fi yawa. Ka tsaya a gaban mai shago ka ƙirga da kanka. Wani dattijo na samu, na ce Alhaji ka taimaka ka gaya min gaskiya da wanne zan tafi, kuɗina ba su da yawa. Ya ɗauko Beljiyam da sabo ya aje min, ya ce yaro in dai faranti ne ka daure ka sayi sabo, murfin matsi kuwa in ka samu Beljiyam mai kyau wanda fuskarsa ba ta ƙone ba zai kai ka. Shawararsa na bi. Sunayen da aka sani su ne Sachs da LuK da Valeo amma jabu sun cika kasuwa cikin kwali mai kyau, ka duba kan ƙusoshin da suka riƙe fatar farantin ko an dasa su daidai, ka girgiza shi ka ji ko sifirin ɗin tsakiya suna kwaramniya. Wanda aka sake wa fata a bakin titi kuwa ni dai ban yarda da shi ba, araha ba ta ado.

Maganar ɗaga mota nan ne ba na sassauci. Kar ka kuskura ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti ba abin dogaro ba ne, fashewa yake lokaci guda ba gargaɗi. Na aro ƙafafun ƙarfe biyu wurin wani maƙwabcina bakanike, na datse tayoyin baya da dutse, tayoyin da na cire na tura su ƙarƙashin motar ta gefe da gefe. Injin kuma dole a tallafe shi don in ka kwance maunti zai sunkuya, ni katako mai kauri na gitta a sama na ɗaure shi da sarƙa. Ƙurar da ke cikin gidan kuloci kar ka hure ta da baki, wasu tsofaffin farantai na da asbestos mai lalata huhu, tsumma mai ɗanshi za ka sa ka goge.

Kwancewar kanta ba wani sirri, ka cire kan batir, kebur, kik, wayar fitilar ribas, ta sifidomita, sandunan giya, kuma kowanne ka ɗauki hotonsa da waya kafin ka taɓa. Notocin ciki na shaf ɗin da ke juya tayoyin gaba ne ke ba mutane ciwon kai saboda kansu mai tsini 12 ne, lamba 8, in ka cusa alanki na gama-gari ka murje kan noti ɗaya to ranar ta tafi. Ka nemi nasu makullin, ka kwakule dattin cikin kan notin da tsinke, ka buga makullin ya zauna sosai kafin ka murɗa. Wajen zaro giyabos kuma bakin shaf na dama yana kama fulawil, sai ka ɗan juya bayan giyabos ɗin sama sannan ya fito, a nan ne ƙanina ya yi min rana, ni ina ƙasa ina juyawa shi yana sama yana riƙe da igiya.

Wajen mayarwa notocin nan shida sababbi ake sawa don irin masu miƙewa ne in an ɗaure su, ana kai su 60 Nm sannan a ƙara kwatan zagaye, su kuma taran na fulawil 20 Nm kawai, a bi su a gicciye kaɗan kaɗan. Sifanar awon ɗauri ita ma aro na yi. Da na je karɓa maƙwabcin nawa ya ce Malam in ka zo saita faranti ka kira ni, na ce Oga ai ba zan hana ka aikinka ba, ya ce haba ai maƙwabtaka ta wuce haka. Kuma ya zo ɗin. Saitin farantin a tsakiya shi ne inda haƙuri ke aiki, ba mu da abin saitawa na kamfani don haka muka ɗaura notocin fulawil sako-sako, muka riƙa auna tazarar da ke tsakanin cibiyar farantin da bakin fulawil ta kowane ɓangare har ta zo daidai sannan muka ƙarasa ɗaurewa. In bai zauna a tsakiya ba giyabos ba zai shiga ba, kuma kar ka ce za ka jawo shi da noti da ƙarfin tsiya, farantin za ka lanƙwasa. Giris ɗan kaɗan a haƙoran shaf, shafawa kawai, in ya yi yawa shi ma watsuwa zai yi kan fatar. Fuskar fulawil na bi ta da samfefa na goge tas.

Man giya na juye tsohon na zuba sabo 75W-90, wajen lita biyu take sha. Da na tayar na taka kuloci giya ɗaya ta shiga ba ƙara, ribas ma haka, na sake gwajin hambirki injin ya mutu nan take, Alhamdulillah. Yanzu ina lallaɓa ta a cikin gari ba lodi ba fizga har fatar ta zauna, kuma a gosulo ina mayar da giya firi in ɗauke ƙafa daga kan kuloci gaba ɗaya. Lokacin da nake ƙarƙashin motar na hango robar shaf ta hagu ta fara tsagewa giris na fita, in Allah ya kai mu ƙarshen wata ita ce aikin gaba.