Matakalar da ke bin ƙanƙara

A watan Agustan 2023 na sauka a Shamoni, garin da ke gindin dutsen Mon Blan a Faransa, ba don komai ba sai don in ga Mer de Glace da idona. Ma'anar sunan shi ne Tekun Ƙanƙara, kuma duk ƙasar babu daskararren kogin da ya kai shi girma. Na daɗe ina ganinsa a tsofaffin hotuna, fari fat, ya cika kwari maƙil, yana tudu da gangare kamar igiyar ruwan da aka ce ta tsaya cak.

Wani jan jirgin ƙasa mai haƙora a ƙarƙashinsa ne ke hawa da mutane zuwa tashar Montenvers, mita 1,913 sama da teku. Tun 1909 yake wannan jigila. Cikin minti ashirin muka ratsa dajin muka iso. Rigar sanyin da na ɗauko tana hannuna, ban ko sa ta ba.

Da na leƙa daga bakin dandamali, sai gabana ya faɗi. Babu fari. Abin da ke can ƙasa wata doguwar shimfiɗa ce ta tsakuwa da ɓaraguzan duwatsu masu ruwan toka. Sai da na ƙura ido na gane cewa ƙanƙarar tana nan, a binne ƙarƙashin tarkacen. A jikin bangon kwarin akwai wani layi da ko yaro zai gane: samansa itatuwa da ciyawa, ƙasansa dutse tsirara. Har nan ƙanƙara take kaiwa a da. Daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa yau, bakinta ya ja da baya fiye da kilomita 2.

A lokacin, daga tashar ana shiga wani akwati mai tafiya a kan igiyar ƙarfe, sannan a kama matakala. A ƙarshen shekarun 1980, in ka fito daga akwatin, taku kaɗan za ka yi ka taka ƙanƙara. Ni kuwa sai da na sauka matakala sama da 500, domin duk lokacin da ƙanƙara ta nutse sai a ƙara wa tsanin tsawo ya bi ta.

A nan ne tafiyar ta kama ni. An kafa ƙananan alluna a jikin dutse, kowanne da shekararsa, yana nuna inda ƙanƙara take a lokacin. Na tsaya a gaban na 1990, na ɗora tafina a kan dutsen. Da ɗumi. Na dubi ƙasa, matakala na ta lanƙwasa har idona ya gaji. Na wuce na 2005, na wuce na 2010, har yanzu da sauran tafiya mai yawa. Wani dattijo da ke gabana riƙe da hannun jikarsa ya tsaya a wani allo, ya nuna mata, ya nuna ƙirjinsa. Ban ji yarensu ba, amma na fahimci abin da yake faɗa mata.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Daskararren kogi yana rayuwa ne in dusar ƙanƙarar da ke zuba a sama lokacin hunturu ta maye gurbin wadda ke narkewa a ƙasa lokacin zafi. Kwal da man fetur da iskar gas da duniya ke ƙonawa sun ɗaga yawan iskar kabon a sararin samaniya daga kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa kusan 420 a lokacin da na je, ita kuma tana riƙe zafi kamar bargo. Tsaunukan Alps, inda Mon Blan yake, sun ƙara ɗumi da kimanin digiri 2 a ma'aunin Salshiyos, kusan ninki biyu na abin da duniya gaba ɗaya ta ƙara. A maƙwabciya Suwizalan, ƙanƙarar tsaunuka ta rasa kashi 10 cikin 100 na girmanta a 2022 da 2023 kaɗai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, an san wannan tun tuni. A babban birnin Faransa aka ƙulla yarjejeniyar Paris ta rage ɗumamar duniya a 2015, kuma bayanta ma an ci gaba da ƙara matakala.

A ƙarshen tsanin akwai kogon da ake sassaƙawa cikin ƙanƙarar kowace shekara. An lulluɓe bakinsa da fararen ƙyallaye don su kare shi daga rana, kamar majinyaci. Cikinsa shuɗi ne mai ɗaukar ido, ga ƙananan kumfar iska da suka maƙale a bango tun kafin a haife ni. Sai a nan na sa rigar sanyi. Ruwa na ɗiga ta ko'ina, yana gudu a ƙarƙashin ƙafafunmu, ya nufi kogin Arve, daga can ya faɗa Rhône, wanda manoma da tashoshin lantarki ke dogaro da shi har bakin Bahar Rum.

Hawa ya fi sauka wuya. Ina hutawa a tsakiya na ji ƙarar duwatsu na gangarowa daga ɗaya gefen kwarin, ƙura ta tashi, kowa ya yi tsit. Daskararriyar ƙasar da ke riƙe da tsagogin tsaunukan ita ma tana saki.

Bayan na dawo na ji cewa a 2024 an buɗe sabuwar igiyar ƙarfe can gaba cikin kwarin, inda ƙanƙara ke da sauran kauri. An daina bin matakalar da na sauka.