Tsohon mawaƙin da na tarar a Meru

Daga Nairobi zuwa Meru kusan kilomita 225 ne, ta Embu da Cuka, hanya tana bin gindin Dutsen Kenya. A matatu, ƙaramar bas ɗin haya, na tafi, kowa da kujerarsa, ba irin cushen tashoshinmu ba. Abin da ya tayar mini da hankali su ne motocin a-kori-kura masu kwaso miraa, ganyen da ake taunawa don ƙarin kuzari, daga garin Maua. Gudu suke kamar za su tashi sama don kada ganyen ya yi yaushi.

Mai masaukina malamin makaranta ne, mutumin kirki, ko kuɗin shayi bai bari na biya ba. Da ya ji ina son kiɗan gargajiya, sai ya ce lallai mu je wajen kawunsa a Tigania.

Mun tarar da tsohon a gindin ayaba, wandindi a kan cinyarsa. Tsirkiya ɗaya gare ta, ana goga ta kamar kukumarmu. Babu lasifika, babu 'yan amshi. Yatsunsa sun kanannaɗe saboda tsufa, amma da ya ja baka sai matan da ke shanyar wake suka bar aiki suka ɗauki amshi da kansu. Da harshen Kimeru yake rerawa, malam yana fassara mini: waƙar kaciyar samari, waƙar girbi, sai wata mai jan kunnen wanda ya sayar da gonar gado. Tun yana saurayi yake yawon bukukuwa, ladansa kunu da ƙwaryar hatsi.

Na zaro kuɗi zan manna masa a goshi yadda muka saba, sai ya riƙe hannuna.

"Ɗana, baƙo ba ya biyan waƙa a gidana."

Na ce, "Baba, a wajenmu girmamawa ce."

Ya yi murmushi, ya sa aka ƙaro mini kunu. Ban ji ya wasa wani mai kuɗi ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya burge ni ƙwarai. Abin da ya dame ni shi ne jikokinsa duk sun ɗauki muryarsa a waya, amma babu wanda ya zauna ya koyi gogen. Na faɗa wa malam gaskiya, wannan sakaci ne.

Washegari muka leƙa Nchiru, mazaunin majalisar dattawa ta Njuri Ncheke, daga waje muka tsaya. Gidan tarihin Meru ƙarami ne, tsohon ofishin Di'o na 1916. Daga nan sai Nanyuki, sanyi ya hana ni barci, da asuba na kama hanyar Nairobi.