Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Sumuni da Sudusi

A makon jiya na tsaya a inda aka ƙara mana aji zuwa biyar, aka raba mu da malamar da ta riƙe mu shekara biyu, aka miƙa mu hannun wani dogon malami da muka laƙaba wa suna Malam Saura Nawa. Daga bakinsa sunan ya fito. Ko bulala yake yi maka, sai ya dakata a tsakiya ya ce, "An yi huɗu cikin shida, saura nawa?" In ka kuskure, a koma farko. Allah ya jiƙansa, ya daɗe da rasuwa, kuma ni dai na yafe masa tun tuni, ko da yake bayana bai manta ba.

Shekarar 1994 ce. Makarantarmu tana cikin birnin Kano, tafiyar minti goma daga gidanmu in ba ka tsaya kallon masu rini a Ƙofar Mata ba, mu kuwa kullum sai mun tsaya. Ajinmu mun haura saba'in. Bencin mutum uku mu biyar ne a kai, sauran suna ƙasa a kan buhun da kowa ya zo da shi daga gida. Ƙararrawarmu tsohon wilin mota ne rataye a jikin darbejiya. Allon kuwa duk ranar Juma'a sai mun fasa mataccen batir mun kwaɓa baƙinsa da ganye mun shafa masa, in ba haka ba alli ba ya fita.

Tun daga aji huɗu karatu ya koma Turanci, domin haka manufar ilimi ta ƙasa ta tsara tun 1977: shekarun farko da harshen gida, daga nan sai Turanci. A takarda ke nan. A ajinmu abin da hakan ya haifar shi ne wani littafi a hannun monita, inda yake rubuta sunan duk wanda ya yi "banakula", wato Hausa. Tararsa sule biyar ko bulala uku. Sule biyar kuwa rabin kuɗin abincin da ake ba ni a gida ne, don haka bayana ne yake biya. Abin da ya biyo baya shi ne muka zama aji na bebaye masu amshi. Malam ya faɗa, mu maimaita da ƙarfi har kwano ya amsa, babu wanda ya san me ya faɗa.

Ni a haddar jadawalin sau ba a kama ƙafata. Yaron da ya saba da tilawa tun asuba a makarantar allo, me sau goma sha biyu zai yi masa? Inda aka tsayar da ni shi ne firakshan. Ranar da Malam ya rubuta ɗaya bisa biyu a tara da ɗaya bisa huɗu, na dube shi na ga ai wannan ba wani abu ba ne. Na haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, na rubuta biyu bisa shida, har da ja masa layi biyu da rula. Littafina ya dawo da ƙaton ƙwai na jan biro, an yi masa ido da baki. Malam ya yi ta maimaita mana cewa sai an fara nemo el-si-em. Na haddace kalmar, na haddace yadda ake jera lambobi ana rabawa, amma dalilin da ya sa ake nemo ta, da abin da take yi wa lissafin, ko kusa. Wata rana in dace, wata rana in sha bulala shida.

Abokin zamana a benci ɗan baffana ne. Shekararmu ɗaya, rana ɗaya wanzami ya yi mana kaciya, kwano ɗaya muke ci. Mahaifinsa yana da shago a Kantin Kwari, kuma duk Asabar yana can. Yaron nan ya san turmin atamfa yadi shida ne, rabin turmi yadi uku. Ka ce masa yadi biyu da rabi da yadi ɗaya da kwata, kafin ka rufe baki ya ce uku da kwata uku, ya faɗa maka kuɗinsu. Amma a rubuta masa wannan lissafin a allo da layi a tsakiya, sai ya zura ido kamar an nuna masa rubutun Sinanci. Ƙwansa ma ya fi nawa girma.

A cikin azumin shekarar Baffa ya kwanta, kwana huɗu, ya cika. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don har yau in na tuna yadda aka fito da makara daga soron gidan ana salati, kakarmu Hajiya tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta ba ta ce uffan ba, sai in ji wani abu ya tokare ni. Sallar shekarar ko hawan Daushe ba mu je kallo ba. Lokacin da Najeriya ta cinye Zambiya biyu da ɗaya a Tunis ta ɗauki kofin Afirka, unguwa ta kaure da ihu, mu gidanmu ko talabijin ba a kunna ba.

Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki aka sa ranar rabon gado. Muna hutu a lokacin. Babanmu ya je Madabo, unguwar malaman fiƙihu tun zamanin da, ya ɗauko wani tsohon malami mai farin rawani da tabarau ɗaure da zare. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure. Matan Baffa biyu suna cikin takaba, wadda take wata huɗu da kwana goma, don haka yayyensu maza ne suka zauna a madadinsu. Ni aka sa kai ruwa da faranti na dabinon da ya rage na sadaka. Da na ajiye sai na maƙale a bayan ƙyaure, babu wanda ya kore ni.

Malam bai fara da lissafi ba. Ya tambayi bashi, aka kawo littafin shago, aka ware na mutanen da suka ba Baffa kaya. Ya tambayi wasiyya. Ya sunkuyar da kai ya tambayi ko a cikin matan akwai mai juna biyu, aka aika ciki, aka dawo aka ce babu. Sannan ya ƙirga magada: mata biyu, uwa, 'ya'ya maza shida, mata biyar. Na yi ta jira in ji an ambaci babanmu, shiru. Ashe in mamaci ya bar ɗa namiji, ɗan'uwansa ba ya cin komai. Na leƙa fuskar Baba, ko gezau.

Malam ya karanto ayoyin cikin Suratun Nisa'i, ya ce mata suna da sumuni, wato ɗaya cikin takwas, tunda akwai 'ya'ya, uwa tana da sudusi, wato ɗaya cikin shida, abin da ya rage na 'ya'ya ne, namiji rabon mace biyu. Sannan ya ce, "Asalin mas'ala ashirin da huɗu."

Yayan amarya, wani mahauci mai ƙatuwar murya, ya gyara zama. "Allah gafarta Malam, ni fa ban yi karatu ba. An ce takwas, an ce shida, ina ashirin da huɗu ta fito?"

Wallahi kamar ya shiga cikina ya ɗauko tambayar.

Malam bai ji haushi ba. Ya jawo farantin dabinon nan ya ƙirga takwas ya zube a tabarma. "Ga dukiya. Cire wa ƙanwarka da abokiyar zamanta ɗaya cikin takwas." Mahauci ya cire ɗaya. "To cire wa Hajiya ɗaya cikin shida na dukiyar." Ya tsaya yana juya dabino, ya ce sai dai a gutsura. Malam ya ce ba a gutsura. Ya mai da su goma sha biyu: sudusi ya fita, biyu, sumuni ya ƙi. Ya mai da su goma sha shida: sumuni ya fita, sudusi ya ƙi. Da ya kai ashirin da huɗu sai ya ɗaga kai. "Wannan ce lamba ta farko da takwas za ta shiga ta fita lafiya, shida ma ta shiga ta fita lafiya. Sumuni uku, sudusi huɗu. Bakwai sun tafi, saura goma sha bakwai."

Ni a bayan ƙyaure jikina har tsuma yake. El-si-em ce! Ita ce dai wadda nake shan bulala a kanta, ga ta zube a tabarma da rawani. Ba wata tsiya ba ce illa a yanka dukiya gunduwa-gunduwa daidai wa daida, yadda kowa zai ɗauki nasa ba a gutsura ba. Ba za ka tara sumuni da sudusi ba sai ka mai da su gunduwa iri ɗaya, kamar yadda ba ka tara mudu da gwangwani ka ce biyu.

Bai ƙare a nan ba, domin dabino uku ba sa rabuwa tsakanin mata biyu. Malam ya ce a ninka duka, ya koma arba'in da takwas. Kowace mata uku, Hajiya takwas, saura talatin da huɗu. Maza shida a kai biyu-biyu goma sha biyu, da mata biyar, kawuna goma sha bakwai ke nan, kowane kai ya tashi da biyu. Ɗa namiji huɗu, 'ya mace biyu. Faranti ya ƙare tas, ko ɗaya bai yi saura ba. Mahauci ya ce, "Allahu akbar," ya ɗauki ɗaya daga rabon ƙanwarsa ya jefa a baki, aka yi dariyar farko a zauren nan tun rasuwar.

Da daddare na shiga wurin Hajiya. Da ma mijinta take kirana, kullum muna faɗan kuɗin cefane. Don in sa ta dariya na ce, "Matar, na ji yau kin yi arziki, takwas cikin arba'in da takwas. Sai ki biya ni bashina." Ta dube ni ta daɗe, ta ce, "Kai dai maigida ba ka da wayo. Shi ya kamata ya ci nawa." Ta juya ta fuskanci bango. Na fita sum-sum. Wannan maganar sai da na haifi nawa na gane nauyinta.

Da aka koma makaranta, a mako na biyu, Malam Saura Nawa ya rubuta bita a allo. Kamar da gangan: ɗaya bisa takwas a tara da ɗaya bisa shida. Kafin ya ajiye alli hannuna yana sama, abin da ban taɓa yi ba a darasinsa. Na fita na rubuta bakwai bisa ashirin da huɗu, ban jera komai ba, ban raba komai ba. Ya dubi allo, ya dube ni, ya tambaye ni da Turanci inda na samo ashirin da huɗu. Na buɗe baki, Turancin ya gudu. Abin da ya fito shi ne, "Malam, ai shi ne asalin mas'ala. Sumuni uku, sudusi huɗu."

Aji ya fashe da dariya. Na hango monita ya buɗe littafinsa yana rubuta sunana, har yana lasar baki.

Malam bai yi dariya ba. Ya ɗan yi shiru, dorinarsa a hammata. Sai ya ce, da Hausa, karo na farko da muka ji Hausa a bakinsa cikin aji ba wajen bulala ba, "A ina ka ji wannan?" Na faɗa masa. Ya dubi ɗan Baffa da ke zaune ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah ya jiƙan mahaifinka." Sannan ya aiki monita bakin ƙofar makaranta ya sayo gurasa biyu da kuɗin aljihunsa. Ya raba ɗaya biyu, ya raba ɗaya huɗu, ya ɗaga rabi da kwata ya ce, "Masu cewa biyu bisa shida, ku duba. Biyu bisa shida sulusi ne, bai kai rabi ba. Yaya za a ba ka rabi, a ƙara maka kwata, abinka ya ragu? Ko mai bandashe ba za ta yi muku wannan cutar ba." Ranar har aka buga wili da Hausa aka yi lissafi, da nusufi da rubu'i da sulusi, kalmomin da duk mun san su daga Islamiyya ba mu taɓa zaton suna da dangi a boko ba. Ɗan Baffa da aka tambaye shi da yadi da turmi, shi ya fi kowa amsawa.

Kada in yi muku ƙarya, washegari Turanci ya dawo, dorina ma ta dawo. Sunana kuma bai fita daga littafin monita ba, sai da na sha ukuna a wurin malamin da'a. Amma daga ranar ban sake cin ƙwai a firakshan ba, kuma a jarrabawar ƙarshen zangon na zo na tara, daga na talatin da wani abu.

Ɗan Baffa bai rubuta wannan jarrabawar ba. Yayyensa sun haɗa rabonsu a shago don kada jari ya watse, suka ce ana bukatar wanda zai riƙa zama in sun tafi Legas sarin kaya, kuma duk gidan babu mai saurin lissafinsa. Baba ya yi magana, aka ce masa na ɗan lokaci ne. Ranar Litinin na biya masa kamar kullum, na tarar ya sa doguwar riga maimakon yunifom, ya miƙo mini rularsa da ragowar littafinsa na lissafi ya ce in ƙarasa. A benci aka matso da wani yaro daga ƙasa ya zauna a wurinsa, ya zo da buhunsa a naɗe a hammata.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin aji shida da yadda aka kusa hana ni zana kwaman entaran, jarrabawar shiga sakandare, saboda hoto.