Da na rubuta labarin baƙon sama jannati ya sauka a ƙauyenmu

Duk mai son rubuta labarin haɗuwar ɗan Adam ta farko da wata halitta daga wata duniyar, shawarata ya fara leƙa yadda wasu al'ummu suka yi nasu kafin ya ɗau alƙalami, don ni dai abun da na yi kenan kuma ya canza min labarin gaba ɗaya. Yawancinmu fina-finan Amurka muka taso muna gani, jirgi ya tsaya kan babban birni, sojoji su fito da tankoki, shugaban ƙasa ya yi jawabi, a yi ta harbe-harbe, sai ka ɗauka ai haka abun yake ko'ina. Ba haka bane wallahi.

Na fara da littafin H.G. Wells, marubuci ɗan Ingila, na 1898 inda mutanen duniyar Mars suka faɗo wa Ingila, kuma tun a babin farko mutumin ya tuna wa 'yan ƙasarsa kisan ƙare dangin da Turawa suka yi wa mutanen tsibirin Tasmaniya, wato dai yana cewa ku ɗanɗana ku ji yadda ake ji in wanda ya fi ka makami ya sauka a ƙofar gidanka, kuma a ƙarshe ba bindiga ce ta kashe baƙin ba, ƙwayoyin cuta ne. Sai na koma kan Solaris na Stanislaw Lem, ɗan Poland, 1961, wannan kam ya wahalar da ni, baƙon wani teku ne da ya rufe duniya guda, masana sun yi shekara da shekaru suna nazarinsa sun cika laburare da littattafai amma ba wanda ya gane me yake nufi, shi kuma sai ya riƙa ƙera musu mutanen da ke cikin zukatansu yana turo musu. 'Yan uwan nan biyu na Tarayyar Sobiyet, su Strugatsky, a nasu na 1972 ma sun fi cin fuska, baƙin sun zo sun tafi ko kallonmu ba su yi ba, tarkacensu kawai suka bari mutane na ta kasada da rai suna tsinta suna sayarwa.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Liu Cixin na ƙasar Sin, wanda fassararsa ta Turanci ta ci kyautar Hugo, wadda ake ba wa ƙagaggun labaran kimiyya, a 2015. Matar da ta fara magana da baƙin, Ye Wenjie, a gabanta aka kashe mahaifinta lokacin juyin juya halin al'adu na zamanin Mao, toh da saƙo ya zo mata daga sama ana gargaɗinta kar ta amsa in ba haka ba za a gano inda duniyarmu take, sai ta amsa da gangan, don ta riga ta yanke ƙauna da mutane. A nan na fara gane cewa wanda ya tarbi baƙon, da abun da ke cinsa a zuciya, ya fi baƙon kansa nauyi a irin wannan labarin. Indiyawa kuwa kun san halinsu, Koi Mil Gaya na 2003 da muka sha kallo, Jadoo ɗin nan mai shan hasken rana aboki ya zama, aka yi rawa aka yi kuka, shikenan.

Mu ma fa ba a bar mu a baya ba, tun 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya inda baƙo daga sama ya ɗauki yaron nan Kilba ya zaga da shi sararin samaniya, abun haushi kawai ba mu ɗora a kai sosai ba, soyayya da rikicin kishiya suka cinye kasuwar. Sannan akwai littafin Lagoon na marubuciya Nnedi Okorafor na 2014, baƙin a tekun Legas suka faɗa, kuma ta ce fushin yadda fim ɗin District 9 ya nuna 'yan Najeriya na cikin abun da ya tunzura ta ta rubuta shi.

Toh da na zauna rubuta nawa tambayar da na yi wa kaina ita ce, in abu ya sauka a fadamar bayan gari da rani wa zai fara gani? Yaro makiyayi ne mana, don shanu za su tirje su ƙi gaba. Wa zai faɗa wa? Babansa, shi kuma ya tafi wajen mai unguwa, mai unguwa ya aika a kira liman, kafin labari ya kai hedikwatar ƙaramar hukuma an yi la'asar kuma rabin gari na can tsaye daga nesa, har mai tallan gyaɗa ta kafa faranti. Sai na sa mai unguwa ya yi abun da ya iya, ya yi sallama sau uku ba a amsa ba, ya sa aka kai ƙwaryar ruwa aka ajiye aka ja baya, tunda ba a tambayar baƙo me ya kawo shi sai ya sha ruwa. Baƙon bai sha ba. Nan gardama ta tashi, wasu na cewa raini ne wasu na cewa ƙila ba shi da bakin sha, liman kuma ya ce a dakata tukun kar a yanke masa hukunci.

Da na tura kashi na farko a guruf ɗinmu na marubuta a WhatsApp, kusan kowa abu ɗaya ya fara tambaya, wai aljani ne? Wannan ita ce babbar matsalar da marubucin Poland ko na Sin bai da ita, mu mun riga muna da gurbin da muke saka duk halittar da ba mutum ba ba dabba ba, kuma da zarar mai karatu ya saka shi a wannan gurbin toh ruƙiyya yake jira ba kimiyya ba. Ban yi musu da su ba, cikin labarin na mayar da tambayar, aka yi karatu aka yi hayaƙi baƙon ko gezau, liman da kansa ya ce jama'a wannan fa wani abu ne daban cikin halittun Allah da ba mu sani ba. Daga nan masu karatu suka saki jiki suka bi ni.

Sai maganar yadda za su fahimci juna, wadda ta fi komai wuya. Turawa a labaransu sun saba amfani da lissafi, ni kuma dara na ɗauko, tsofaffin da ke gadin wajen suka haƙa gurabu talatin a ƙasa suna yi don kashe lokaci, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin wasa. Baƙon ya daɗe yana kallo, rannan da safe aka tarar ya haƙa nasa guraben ya zuba tsakuwa yana jira. Wani tsoho ya yi ta maza ya zauna, aka fara, sai aka lura duk sanda baƙon ya samu damar jera uku sai ya kauce, ba ya ci kuma ba ya bari a ci shi, wasa ya ƙi ƙarewa har magariba.

Wata 'yar uwa a guruf ɗin ta matsa min wai in fito fili in ce zaman lafiya yake nufi, na ƙi, a nan na bi Lem, don in na fassara musu shi ya tashi daga baƙo ya koma Bahaushe mai baƙon jiki. Na bar mutanen garin da gardamarsu, tsohon na cewa kunya ce irin ta baƙo, malamin firamare na cewa bai gane dokar wasan bane, wani kuma na cewa auna hankalinmu yake kafin 'yan uwansa su iso. Wasu sun ji haushi sun ce na bar su a rataye, amma kashin da aka fi turawa gaba kenan, har wani ya kira ni a waya yana min bayanin yadda za a iya tilasta wa baƙon ya ci ko yana so ko ba ya so, in dai tsohon ya iya dara da gaske. Na gwada da tsakuwa a tsakar gida na ga da gaskiyarsa, yanzu haka a kashi na gaba da nake rubutawa tsohon ya ɗana masa wannan tarkon.