Kai iyali sinima daga ƙauye: lissafin da ake yi tun kafin a fita

Da zarar an buɗe sabuwar sinima a birni, labarinta kan iso ƙauye ta wayar samari tun fentin ginin bai bushe ba. Yara su ga ƙaton allo da kujeru masu laushi a TikTok, sai a fara: "Baba, yaushe za ka kai mu?" Maigida ya tambayi kuɗin tikiti, ya ninka da yawan kawuna, ya ga abin bai fi ƙarfinsa ba. To nan ake fara kuskure. Ga wanda zai taso daga wani ƙauye a Gaya, ko Ringim, ko Bagwai zuwa Kano, tikiti ba shi ne babban abin da zai ci masa kuɗi a ranar ba. Hanya ce ke cinye mafi yawa, tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur.

Bari mu buga misali da gida mai mutum biyar: maigida, uwargida da yara uku. Farashi yana sauyawa kusan kowane wata, saboda haka ka cire waɗannan lambobi ka sa na yankinku, tsarin lissafin dai ɗaya ne. A ce tikitin babba naira 5,000, na yaro 3,500, ya kama 20,500. Daga ƙauye zuwa bakin titi babur uku ne, a ce 700 kowanne, zuwa da dawowa 4,200. A motar haya yara uku za su iya matsuwa a kujera biyu, kujera huɗu ke nan, a kan 2,000 kowacce, zuwa da dawowa 16,000. Daga tasha zuwa ƙofar sinima shatar adaidaita sahu za ka yi, don ba a rarraba yara a motoci biyu a cikin birni, a ce 5,000 zuwa da dawowa. Hanya kaɗai ta kai 25,200, ta riga ta wuce kuɗin kallon. Ka ɗora gugguru da lemo 11,000, abincin rana 7,500, tsarabar waɗanda aka bari a gida 3,000. Jimilla 67,200. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Manomi kuma sai ya mayar da wannan kuɗi zuwa kwanon gero ko masara a farashin kasuwarsu ta wannan mako, ya ga kwano nawa zai fitar daga rumbu. Shi ya sa a ganina bayan kaka ne lokacin wannan fita, ba tsakiyar damina da ake neman kuɗin taki ba.

Inda za a iya ragewa ba tare da an ɓata wa yara rai ba shi ne wajen abinci. Yawancin sinimomin zamani ba sa barin a shiga da abinci ko abin sha daga waje, ana duba jaka a ƙofa, kuma abin da suke sayarwa a ciki ya ninka na shagon unguwa, domin nan ne suke samun riba mai kauri, kuɗin tikiti kuwa raba shi suke yi da masu fim. Saboda haka uwargida ta yi ɗan wake ko shinkafa da wake a kula tun da safe, a ci a gidan ɗan'uwa ko a inuwa kafin a shiga. Yaron da ya ƙoshi gugguru ɗaya babba ya ishe shi da 'yan'uwansa. Wanda ya shiga da yunwa kuwa, ƙamshin man gugguru kaɗai zai sa shi kuka, kuma kai ne za ka ji kunya ka saya. Ka tambayi mai kanta ko farashin da ke rubuce ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari kafin ka miƙa kati.

Tun ana saura kwana ɗaya ko biyu a nemo jadawalin fina-finan. Wani yaro mai waya zai samo shi a shafinsu na Instagram ko Facebook, amma a kira a tabbatar, don jadawali yana canzawa duk mako. Abu uku za ka tambaya: ƙarfe nawa, da wane harshe, kuma na 'yan shekara nawa ne. Maganar harshe tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Yaranmu sun saba da fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa a gidan kallo da kuma a waya, amma a sinima da harshensa na asali ake haska shi, da rubutun Turanci yana gudu a ƙasan allo. Yaron firamare ba zai iya binsa ba, minti ashirin ya fara mutsu-mutsu, kuɗi sun tafi a banza. Fim ɗin Kannywood ko katun shi ya fi dacewa da zuwan farko. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa tana sa wa kowane fim alama: G na kowa da kowa ne, PG sai da kulawar iyaye, sannan 12, 15 da 18 gwargwadon shekaru. Alamar tana jikin fosta. Kada ka sayi tikiti sai ka gan ta da idonka. Ka kuma tambaya ko akwai ranar rangwame a tsakiyar mako. Ranakun Sallah kuwa cunkoso ne a tasha, cunkoso a ƙofa, ga kuɗin mota ya tashi.

Lokaci shi ne abin da ya fi kayar da mutanen karkara. Kallon da zai fara tsakanin sha biyu da ƙarfe biyu na rana shi ne naku. Fim kan ci awa biyu, ga tallace-tallace kafin a fara, na Indiya ma yakan kusan kai awa uku. In an shiga bayan azahar, a fito a yi la'asar, a kama hanyar tasha rana tana sama. Wanda ya zaɓi kallon ƙarfe biyar zai fito bayan magariba, ya isa tashar Yankaba ko Mariri ko Ƙofar Ruwa ya tarar mota ba ta cika da wuri, ya sauka bakin titinsu 'yan acaba sun tashi, ko su ninka masa kuɗi. Masu bin hanyar Wudil su tuna Juma'a ranar kasuwa ce, wajen gada kan cushe.

Kuɗin komawa gida a ware shi daban, tsaba, a aljihun da ba a taɓawa. Na'urar POS kan yi gardama, a cire maka kuɗi a asusu amma bai shiga wajensu ba, kuma ba a ranar banki zai mayar maka ba.

A cikin zauren akwai abubuwan da ba a faɗa wa baƙo. Sanyin na'ura yana da ƙarfi ga yaron da bai saba ba, a tafi masa da rigar sanyi ko da ana tsakiyar bazara. Ana kashe fitilu gaba ɗaya, sauti kuma har a ƙirji ake jinsa, don haka goyo da ɗan ƙasa da shekara huɗu gara a bar su wajen kaka, in ba haka ba uwar a waje za ta ƙare kallonta da tikiti a hannu. Tikitin yakan zo da harafin layi da lambar kujera. Ka roƙi layin tsakiya ko na baya, kusa da hanya. Layin gaba yana sa ciwon wuya da jiri, zama kusa da hanya kuma yana sauƙaƙa kai yaro banɗaki ba tare da an tattaka ƙafafun mutane ba. In ginin yana da matakala mai tafiya da kanta, a tattare hijabi da bakin zane sama, a riƙe hannun yara, don haƙoranta suna kama tufa da silifas na roba.

Kafin a kashe fitila, ka nuna wa uwargida da babban yaro ƙofar fita ta gaggawa, wadda fitilarta ke kunne ko da an yi duhu. Kano ta taɓa ganin abin da ba ta manta ba: a watan Mayun 1951 gobara ta tashi a sinimar El-Duniya, mutum 331 suka rasu. Wannan, da irin sunan da tsofaffin sinimomi suka yi na wurin da matar aure ba ta zuwa, su ne suka sa dattijo a ƙauye yake ɗaure fuska in ya ji an ce za a kai surukarsa sinima. Ba abin rainawa ba ne. Maigida ya same shi tun da wuri, ya faɗa masa sunan fim ɗin, da cewa da rana ne, kuma shi da kansa zai kai su ya dawo da su.

Sai a rubuta lambar wayar maigida a 'yar takarda a sa wa kowane yaro a aljihu. A kuma sanar da wani ɗan'uwa a birni cewa ana tafe, yadda in mota ta lalace ko hadari ya haɗo da yamma, akwai inda za a kwana a kama hanya da sassafe.